Ranar da Malam Ya Nuna Mini Hanyar Birmingham

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, na san akwai wata ranar Lahadi da zai bar mini, domin a ƙirjina take zaune. Ita ce ranar sunan jikarmu ta fari, ranar da na tuƙa mota daga Manchester zuwa Birmingham, mijina yana zaune a gefena.

Sai na fara gaya muku ko wane ne mijin nawa, in ba haka ba labarin ba zai yi ma'ana ba. Malam nake ce masa, kuma malamin ne na gaske. Turanci yake koyarwa a wata sakandare a Zariya kafin mu zo Ingila. Ƙaro karatu ya kawo shi, zama ya miƙe, yara suka zo, daga ƙarshe ya koma tuƙin bas a Stockport Road. Amma koyarwa ba ta taɓa fita daga jininsa ba. Da ya rasa aji, sai ya mayar da gidanmu na Levenshulme aji, ni da 'yarmu da ɗanmu muka zama ɗalibai ba tare da an nemi yardarmu ba.

Malam yana son manyan kalmomi yadda wasu maza ke son ƙwallo. Cikinsu kuwa akwai wasu 'yan gida ɗaya da ya fi ƙauna, waɗanda duk suke magana a kan abu ya rabu ya yi rassa. Na sha jin darasin har na haddace shi ina yankan albasa. Branch, in ji shi, reshe ne, wannan ko yaro ya sani. Fork shi ne inda abu ya yi baki biyu kamar gwafa. In kana so ka faɗi haka da Turancin masu digiri sai ka ce bifurcate, wato abu ɗaya ya rabu gida biyu cif, ba uku ba. Diverge kuwa hanyoyi biyu ne da suka taso tare, kowace tana ƙara nisa da 'yar'uwarta. Sai babbar yayarsu, ramify: abu ya yi rassa, rassan su ma su yi nasu rassan. Yakan shigo kicin ya ɗauki ɗanyar cittar da zan daka, ya ɗaga ta sama ya kira yaran.

"Ku dubi nan. This ramifies. Daga nan aka samo ramifications, wato abubuwan da ke biyo bayan abin da ka aikata, waɗanda ba ka yi lissafi da su ba."

'Yarmu takan juya ido ta ce, "Baba, nobody talks like that, wallahi."

"To, ni ba nobody ba ne," in ji shi. "Wandon da ke jikin ƙaninki ma bifurcated ne, shi dai bai sani ba."

Ni kuma in ce ya ba ni cittata, miya ba ta jin Turanci. Haka muke, kullum gidan da hayaniya, rabinta kuma tasa ce.

Wata safiya muna karin kumallo kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ba ta fito ba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita ya zana mana jijiyar jini ta cikin ƙwaƙwalwa da rassanta, ya nuna wani ɗan ƙaramin reshe ya ce nan ne ya toshe, kuma nan ne yake shayar da wurin magana. Na dubi Malam yana kallon zanen, na san da bakinsa na nan da tuni ya gaya wa likitan kalmar da ta fi dacewa. Ban san lokacin da na fita waje na yi kuka ba.

Ya dawo gida da keken marasa lafiya da kalma ɗaya tak: "To." Da ita yake gaisuwa, da ita yake godiya, da ita yake fushi. Akwai wata Baturiya mai kirki da ke zuwa koya masa magana, takan nuna masa hoton kofi ko na kyanwa ta ce ya faɗi sunansa. Mutumin da yake karanta ƙamus don nishaɗi, yau shi ake roƙo ya ce kofi. Sai ya kau da kai ya dubi bango. Mu kuma da muka ga yadda tambaya ke wahalar da shi, sai muka daina tambayarsa. Kafin ya nemi ruwa na kawo, kafin ya dubi taga na buɗe. In baƙi suka zo suka ce, "Malam, ya jiki?" ni ce ke amsawa in ce, "Da sauƙi." Duk don ƙauna muke yi, kuma kowa yana yaba mini. Gidan dai ya yi shiru irin wanda ban taɓa so ba.

Ana cikin haka 'yarmu ta haihu a Birmingham. Mijinta yaron kirki ne, iyayensa Hausawan Kumasi ne, amma mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Washegarin haihuwar na hau jirgin ƙasa na je na ga jaririya, na juyo a ranar saboda babu wanda zan bar wa Malam. Gwaggon surukin namu ce ta karɓi hidimar jego, abin da ya tsaya mini a rai, amma ban nuna ba. Bayan na dawo sai surukin ya bugo waya.

"Mma," haka yake kirana irin na mutanen Ghana, "ni na yi mata kiran salla a kunne a hospital. Amma suna kam Baba ne zai raɗa mata. Sunan mahaifiyarsa muka zaɓa. Ni ba ni da wani uba sai shi."

Na ce masa ya yi wa Allah ya rufa mana asiri. Falo cike da mutane, ga liman, ga dangin miji, a miƙa wa bawan Allah jaririya a ce ya yi magana? In ya kasa fa? Wannan kunyar ba zai taɓa warkewa daga ita ba. Sai 'yarmu ta karɓe wayar tana kuka.

"Mama, please. Ko whisper ne. Ni ba na son kowa ya yi sai shi."

Wayar a buɗe take, Malam yana jin komai. Ya dube ni ya ce, "To." Ban iya gane wace irin "to" ce wannan ba. A kwanakin da suka biyo baya nakan leƙo daga kicin in gan shi shi kaɗai yana motsa leɓe, yana ta fama, babu sautin da ke fita. Da ya ji motsina sai ya daina. Na yanke a raina cewa in mun je zan ja kawun surukin namu gefe, in roƙe shi ya raɗa sunan, Malam ya riƙe jaririya kawai a ɗauki hoto.

Ɗanmu ne ya kamata ya kai mu, sai ya tashi ranar da zazzaɓi, ko tsayuwa ba ya iya yi. Ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suna yajin aiki. Ga kuloli na cika da waina da miyar taushe, ga dambun nama, ga yajin jego da na daka da hannuna. Babu wanda ya rage sai ni. Bayan ciwon Malam ne na koyi mota, da furfurata, kuma iyakar tuƙina daga gida zuwa kasuwar Longsight, sai asibiti. Ban taɓa hawa babban titin da ke fita gari ba. Duk zuwan da muka yi Birmingham a da, Malam ne ke tuƙi, ni kuwa kafin mu fita Stockport na yi barci.

Ɗanmu ya lallaɓo ya maƙala mini waya a gaban mota, ya kunna taswira. "Mama, just follow the lady. Duk abin da ta ce ki yi, ki yi. Kada ki taɓa screen ɗin." Maƙwabcinmu ya taya ni sa Malam a kujerar gaba, muka naɗe keken muka sa a but ɗin mota. Na yi bismilla, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa, muka kama hanya.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Na manne a layin hagu, na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi tsami. Tireloli suna wuce ni, motar tana rawa. Matar cikin waya tana magana a natse kamar ba ta san halin da nake ciki ba. Malam kuwa yana zaune, hannunsa na dama a kan cinya, idonsa a kan titi. Can wajen rabin hanya wani direba ya matsa mini da fitila, na tsorata na koma layin tsakiya, daga nan kuma na kasa samun sararin komawa. A haka na yi ta tafiya, mota a dama, tirela a hagu.

Mun kusa Birmingham sai waya ta ɗauki ƙara. Yayata ce daga Kano, kiran bidiyo. Duk wanda ya san yayata ya san ba a ƙin ɗaukar kiranta, in ka ƙi za ta sake kira har sai batir ya mutu. Na miƙa yatsa don in kashe, ashe ɗauka na yi. Taswira ta ɓace, fuskar Yaya ta cika waya, ta sha ɗauri, bayanta mata sun taru.

"Salamu alaikum! Kakar jaririya! Ina wuni? Ya mai jego? Ya mai jiki? Ga su Hajiya nan duk sun zo a yi barka, bari in ba ki su ɗaya bayan ɗaya."

"Yaya, tuƙi nake yi!"

"Tuƙi? Tuwo kike tuƙawa a ranar suna? Ina masu aiki?"

A daidai lokacin na ɗaga kai na ga manyan alluna shuɗɗa a sama, titin kuma yana buɗewa gida biyu a gabana. Na san ɗaya yana shiga Birmingham, ɗayan kuma yana zagaye garin ya nufi kudu, amma rubutun ya haɗe mini, ban ga komai ba sai fari da shuɗi. In na bi wanda ba shi ba, ban san inda zan juyo ba, ga liman zai zo bayan azahar. Kaina ya ɗaure. Na manta da ciwo, na manta da likita, na manta da duk wata lallaɓawa. Na daka wa mijina tsawa yadda na saba yi shekara da shekaru in abu ya cakuɗe mini.

"Malam! Ina zan bi? Ka yi magana mana!"

Na ji ya ja numfashi. Sai wata murya da na yi fiye da shekara ban ji ba, ta dushe, tana fitowa guntu-guntu:

"Bi... fur... cates."

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya bugi gilashin gefensa. "Left. Left!"

Na kunna sigina. Allah ya taimake ni direban tirelar ya rage gudu ya ba ni hanya, na shiga hagu, titin ya rabu, ɗayan ya tafi abinsa. Sai da muka yi nisa kaɗan abin da ya faru ya iso kaina. A waya kuwa Yaya ta ce a hankali, "Ke, muryar wa na ji? Malam ne?" Sai na ji ta fashe da kuka tana gaya wa matan, "Ya yi magana! Wallahi ya yi magana, da Turanci!" Guɗa ta tashi a Kano, mu muna tsakiyar titi a Ingila. Ita da kanta ta kashe wayar, taswirar kuma ba ta dawo ba, ni kuwa ban isa in sake taɓa ta ba.

Na ce, "Malam, babu mata a waya yanzu. Kai ne za ka kai mu."

Ya ce, "To." Wannan karon na gane ta sarai.

Ya gyara zama. Mutumin da na saba gani a lanƙwashe ya miƙe wuya yana duba madubin gefe kamar yana cikin bas ɗinsa. In zan canza layi sai ya ɗaga hannu in dakata, in hanya ta yi kyau ya sauke. Da muka iso wurin nan da gadojin sama suka hau kan juna suka nannaɗe, wanda Turawa da kansu suke kwatanta shi da taliya, na ce innalillahi, wannan kuma mene ne? Hanya ta rabu, reshen ya sake rabuwa, wani ya yi sama, wani ya nutse ƙasa. Malam ya dubi wurin, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya yi ta kokawa da harshensa, ni kuma na bar shi, don ba ni da abin da zan taimaka masa da shi.

"Ra... ramifies," ya ce.

Na yi dariya hawaye na zuba, har da majina, ba ni da hannun sharewa. Na ce, "Na ji, Malam, na ci jarrabawa. Yanzu wanne zan bi?" Ya nuna da yatsa, na bi. Ya sake nunawa, na bi. Da yatsa da "left" da bugun gilashi ya kai ni har ƙofar gidan 'yarmu, bai ɓata ko sau ɗaya ba. Da na kashe mota na kifa kaina a kan sitiyari. Sai na ji hannunsa a bayana yana ɗan bubbugawa.

Gidan ya cika maƙil. Mutanen Kumasi da na Accra, 'yan Najeriya na Birmingham, ƙawayen 'yarmu na wurin aiki, yara suna ta guje-guje a matakala. Aka shigar da Malam falo, aka yi salla, liman ya zauna. Kawun surukinmu, dattijo mai hankali, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, kada mu wahalar da Malam. In kin yarda ni sai in raɗa, shi ya riƙe ta. Babu wanda zai ga laifi."

Abin da na yi niyyar roƙonsa ke nan tun daga gida, ga shi ya kawo mini har inda nake. Na dubi Malam, na ga idonsa a kanmu, ya san abin da ake cewa. Na ce wa kawun, "Alhaji, ga shi nan zaune. A tambaye shi."

'Yarmu ta fito da jaririya a naɗe cikin farin tawul. Ta durƙusa a gaban keken ubanta, ta ɗora masa ita a hannun hagu, ta tallafe da nata hannun.

"Baba, ga ta. Ba ta da suna sai ka ba ta. Take your time, babu inda za mu je."

Falon ya yi shiru. Malam ya sunkuya, ya kai bakinsa kusa da ɗan kunnen nan. Leɓensa suka yi ta motsi, babu abin da ya fito. Ya ɗago, ya huta, ya sake sunkuyawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wata mata ta yi tari, wani yaro ya tambayi uwarsa me ake jira, aka toshe masa baki. Ni kuwa sunan yana kan harshena, yana ƙona ni, kamar in faɗa in huta. Na cije leɓe na riƙe gefen kujera. Na ga kawun ya motsa zai tashi, liman ya ɗora masa hannu a gwiwa ya zaunar da shi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Waina dai ta huce. Sai muka ji bismilla, a rarrabe amma a fili. Bayanta kuma sunan ya fito, gaɓa ɗaya, sai numfashi, sai sauran. Raɗa ya yi niyya, amma saboda shirun da ke falon kowa ya ji. Sunan mahaifiyarsa ne, sunan da tun da na aure shi ban taɓa ji a bakinsa ba saboda kunya irin ta ɗa. Jaririyar ta yi miƙa ta buɗe ido ɗaya. Liman ya ce Allahu akbar, ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, gwaggon surukinmu ta rangaɗa guɗa. 'Yarmu ta kifa fuskarta a gwiwar ubanta tana ta kuka, surukinmu ya juya ya fuskanci bango yana share ido. Malam ya ɗago ya neme ni a cikin mutane har ya same ni. Ni da ake cewa ina da kunyar 'yar fari, a ranar ban san inda kunyar ta shiga ba.

Ba zan ce muku ya warke ba. Har yau maganarsa kaɗan ce, wata rana ta zo, wata rana ta ƙi. Da na ba wa Baturiyar nan labari ta ce hakan na faruwa, wani lokaci kalmar da mutum ya fi sabawa da ita takan riga saura dawowa. Wataƙila haka ne, ita ta san aikinta. Ni dai abin da na gani da idona shi ne, mun yi fiye da shekara muna yi wa Malam komai, ba mu taɓa neman komai a wurinsa ba, kuma bakinsa bai buɗe ba sai ranar da na rasa yadda zan yi in ba da shi ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Mara lafiya yana bukatar a kula da shi, amma yana kuma bukatar a bukace shi. In ka ɗauke wa mutum kowane nauyi saboda tausayi, kana iya haɗawa da dalilin da zai sa ya yunƙura. Yanzu ko gishiri zan ƙara a miya sai na kai masa cokali ya ɗanɗana, in tambaye shi ko ya ji, in tsaya a gabansa in jira amsa komai daɗewarta.